Gaɓa ko Jirgi: Ina Ya Kamata Ka Tsaya In Kana Neman Mai-Ratsi a Kogin Hudson?

Ranar farko da na tsaya bakin kogin Hudson, a jihar New York ta Amurka, da sandar fatsa, wani gungumen itace ya wuce ta gabana da sanyin safiya, ya nufi kudu. Kafin azahar sai ga shi ya dawo, ya nufi arewa. Ni da na tashi a Yawuri, inda ruwa ya san hanyarsa guda ɗaya tak, sai da na murza ido. Ashe haka kogin yake. Teku ke turo ruwa cikinsa sau biyu a yini, ta kuma janye sau biyu, kuma wannan cika da janyewa tana kaiwa har madatsar ruwa ta Troy, mil 153 daga bakin Manhattan. Mutanen da Turawa suka tarar a nan ma sunan da suka sa masa ke nan a harshensu, kogin da ke gudu gaba da baya.

Wani ƙanena a masallacinmu na Bronx, wanda bai daɗe da zuwa daga Kumasi ba, shi ya sa ni wannan rubutu. Ya ga hotunan kifin da ake ɗagawa a Facebook duk watan Mayu, ransa ya biya, ya zo yana tambaya: "Yaya, in sayi kayan fatsa in tsaya a gaɓa, ko mu haɗa kuɗi mu huɗu mu shiga jirgi?" Na ce masa amsar ba ta tsayuwa a bakin ƙofar masallaci ba ce. Ga ta nan.

Kifin da ake magana shi ne wanda Turawa ke kira striped bass. Ba mu da shi a gida, don haka ni mai-ratsi nake ce masa, saboda baƙaƙen layuka bakwai ko takwas da suka bi jikinsa daga wuya zuwa wutsiya. In kana son kwatance, ɗauko giwan ruwa ka rage masa tumbi, ka zana masa layi. A teku yake rayuwa, amma ba ya zuba ƙwai sai a ruwan daɗi, shi ya sa duk shekara in sanyi ya fara raguwa yake shigowa manyan koguna. Hudson na cikin wurare uku mafi muhimmanci da yake haihuwa, tare da kogin Delaware da kogunan da ke zuba a Chesapeake. Lokacin shigowarsa shi ne kafofin labarai na Hausa ke fassarawa da bazara, amma kada sunan ya ruɗe ka. Ba bazarar Sakkwato ba ce. A farkon Afrilu ruwan bai kai digiri 10 ba, iskar asuba kuwa sai ta daskarar maka da yatsu.

Kifin ba ya isowa ko'ina rana ɗaya. Farkon Afrilu yana ƙasa, wajen Tappan Zee da Croton da Haverstraw, inda kogin ya buɗe ya fi mil uku faɗi. Ƙarshen wata ya kai Newburgh. Makon farko da na biyu na Mayu ana ta shagali a Kingston da Catskill har Albany da Troy. Da ruwa ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 sai a zuba ƙwai, manyan su juya su koma teku, kafin Yuni ta yi nisa kasuwa ta watse. Lokacin da kamun ya fi kyau makonni shida zuwa takwas ne. Mai aikin tasi ko mai aikin asibiti da ke samun hutun rana ɗaya a mako ya lissafa da kansa ya ga fita nawa gare shi.

Kafin a zo kan gaɓa da jirgi, akwai doka, kuma ita ce ta karkatar da ra'ayina fiye da komai. Arewa da gadar George Washington, jihar New York na buɗe kamun mai-ratsi daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba. Kifi ɗaya ake yarda ka tafi da shi a rana, kuma tun 2024 sai tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 23 da 28. Wanda bai kai ba a mayar, wanda ya wuce ma a mayar. Kudu da gadar ana lissafa shi ruwan teku ne, da nasa lokacin da nasa awon, inci 28 zuwa 31. In ka tsallaka ɓangaren New Jersey kuma dokarsu daban. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yi rajistar kamun kifin teku ta jihar, kyauta ce, ana yi a intanet cikin 'yan mintuna. Waɗannan lambobi suna sauyawa, don haka duk Maris a leƙa shafin DEC, hukumar kare muhalli ta jihar New York, kafin a fita. Ma'aikatansu suna zagayawa, kuma "ban sani ba" ba ta hana tara.

Ka riƙe wannan awon na inci 23 zuwa 28 a ranka. Za mu dawo kansa.

Gaɓa ita ce ta talaka, kuma ba zagi ba ne. Sanda mai tsawon ƙafa tara ko goma, da abin naɗe zare mai ƙarfi, da dalma mai nauyi, da ƙugiyoyi, da abin awo, da bokiti da za ka kife ka zauna. Sau ɗaya za ka saya, su yi maka shekaru. Ba ka ma bukatar mota. Jirgin ƙasa na Metro-North da ke bin layin Hudson yana tafiya ne a gefen ruwa tun daga Bronx, ta Yonkers da Croton-Harmon da Beacon har Poughkeepsie. Croton Point, da Long Dock a Beacon, da Waryas Park a Poughkeepsie duk ana isa gare su daga tasha. Mai mota yana da Piermont, inda wata doguwar hanya ta kutsa cikin kogi kusan mil guda, sai bakin ruwan Newburgh, da Kingston Point, da Dutchman's Landing a Catskill. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka tsallaka titin dogo don ka ga wani lungu mai kyau a ƙetare. Laifi ne, kuma jiragen nan ba sa ƙara sai sun zo kanka.

Matsalar gaɓa ita ce kai ne a tsaye, kifi ne mai yawo. Iyakarka inda dalmarka ta faɗa. Saboda haka ilimin mai gaɓa duka ilimin lokaci ne. Mai-ratsi mafarauci ne da ke son ruwa mai motsi, yana laɓewa bayan dutse ko a bakin rami yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. In ruwa ya tsaya cik tsakanin cika da janyewa, sai ka ga sanduna goma a jere ba wadda ta motsa. A yawancin wuraren da nake zuwa, awa biyu na ƙarshen cika da awa biyu na farkon janyewa su ne albarka, domin a lokacin ne ruwa ke rufe fadamun gefe har kifi ya matso kusa. In hakan ya dace da fitowar alfijir ko faɗuwar rana, to ka bar duk abin da kake yi. Jadawalin cikar ruwa hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, na fitar da shi kyauta, amma ka duba na garin da za ka, ba na Manhattan ba. Cikar tana hawa kogin ne sannu a hankali, tana ɗaukar wajen awa tara kafin ta kai Albany, kuma kullum tana jinkirta da kusan minti 50. Na taɓa ɗaukar jirgin farko zuwa Beacon da jadawalin da ba nasa ba, na tarar da taɓo shimfiɗe inda na yi zaton ruwa. Ranar rana kawai na sha.

Koton mai gaɓa a farkon lokaci shi ne jar tsutsar nan ta teku da ake haƙowa daga taɓon jihar Maine. Ta fi tanarmu kauri, tana da haƙora huɗu, kuma tana cizo kamar harbin zuma in ka yi sakaci. Tsada gare ta, guda ɗaya ta fi dala. Abin haushin shi ne ba mai-ratsi kaɗai ke sonta ba. Ƙananan fararen kifaye da tarwaɗa za su yi ta tsattsage maka ita, dozin biyu su ƙare kafin hantsi. Daga baya, in ƙaramin kifin nan da ake kira herin ya shigo, sai a koma yanka shi gunduwa-gunduwa ana maƙalawa. Ƙasan kogin kuma cike yake da duwatsu da tsoffin turaku, don haka dalma da ƙugiya sai ka zo da su da yawa, ka ɗauka sadaka ce ga ruwa.

To me ake kamawa a gaɓa? Mafi yawa ƙanana ne da matsakaita, masu tafiya garke-garke. Babba takan faɗo, musamman a Mayu da daddare, amma ba kullum ba. Sai dai fa cikin waɗannan matsakaitan ne ake samun mai inci 23 zuwa 28, wato wanda doka ta ce naka ne.

Jirgi kuwa wata duniya ce. Da shi kai ke bin kifi. Akwai na'urar da ke nuna zurfin ruwa da abin da ke yawo a ƙasa, za ka ga garken a allo kamar baka-baka, ka jefa anga a saman gangaren da suke bi, ko ka bar ruwa ya tafi da kai a hankali ta kansu. In wuri ya mutu, minti goma ka sauya wani. In ruwa ya tsaya a nan, ka gangara ko ka hau inda yake motsi. Sannan jirgi ne ke ba ka damar amfani da koton da ya fi kowanne, wato herin mai rai. Wannan ɗan kifi ne mai walƙiya, kamar kawara a ido, shi ma daga teku yake shigowa haihuwa a daidai lokacin, kuma shi mai-ratsi ke bi. Masu jirgi kan fara da kama shi da asuba, da zare mai ƙananan ƙugiyoyi a jere, ko su jawo shi da herin roba har bakin koma su kwashe. Goma aka yarda wa mutum ɗaya a rana. Yana saurin mutuwa, sai da tanki mai famfo da ke sauya masa ruwa, abin da mai bokiti a gaɓa ba zai iya ba. A kula kuma, akwai ɗan'uwansa shad da ya fi shi girma, wanda aka hana kamawa a Hudson tun 2010. A koyi bambance su.

Ranar da herin mai rai ya fara rawa a ƙarshen zarenka, sanda ta lanƙwashe, zare ya fara kuka yana fita, za ka gane abin da ke hana mutane barci a watan Mayu. Mafi girma da aka taɓa rubutawa a kogin an kama shi ne a Mayun 2014, kilo 27. Irin waɗannan ƙattin kusan dukkansu mata ne, masunta a nan saniya suke ce musu, kuma guda ɗaya na ɗauke da ƙwai miliyoyi.

Nan ne lissafin ƙanena ya karye. Shi a ransa, jirgi na nufin babban kifi, babban kifi na nufin firiza cike. Alhali duk abin da ya wuce inci 28 hoto kawai za ka ɗauka ka mayar. Ka biya kuɗi mai yawa don ka kama abin da ba naka ba. Ni ban ga laifin dokar ba. Kifin nan ya taɓa kusan ƙarewa, har jihar Maryland ta rufe kamunsa gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1989, aka ce ya farfaɗo a 1995, sai ga shi a 2019 hukumar da ke kula da kifin gaɓar Atlantika ta sake cewa an ci shi fiye da kima. Ita hukumar tana lissafa cewa cikin ɗari da aka saki, tara suna mutuwa. Shi ya sa tun 2021 aka wajabta ƙugiya mai baki lanƙwashe ciki ga duk mai amfani da koto, domin ita a gefen baki take kamawa, ba ta sauka cikin ciki. Wanda ya saba da fatsar gida sai ya yi yaƙi da hannunsa, don mu mun tashi ne da fizga da zarar an taɓa. Wannan in ka fizga ka zare ta daga bakin kifi. Bari za ka yi ya ja, ka naɗe zare a hankali har ya yi tauri, ita za ta kama kanta. In ka fito da babba, jiƙa hannunka, tallafe cikinta, kada ka rataye ta a leɓe, kada yatsa ya shiga inda take numfashi, kuma a mayar da ita kafin a gama kabbara da ihu.

Jirgin ma iri biyu ne. Akwai na haya, mai kyaftin da ke da lasisin dakarun tsaron gaɓar teku, wanda galibi ba ya ɗaukar fiye da mutum shida. Shi zai kawo sanduna da koto da sanin wuri, kai ka kawo kanka da rigar sanyi da abin karin kumallo. Rabin yini ɗaruruwan daloli ne, a raba tsakanin abokai, a kuma ƙara ɗan ihsani ga yaron jirgi, haka al'adar take. Ranakun Asabar da Lahadi na tsakiyar Mayu tun cikin hunturu ake kama su. Kuma ranar da ka biya ita ce ranarka, ko kifi na ci ko ba ya ci.

Sai mallakar naka. Wannan ban ba wa baƙo shawararsa ba ko kaɗan. Ban da kuɗin saye, akwai tirela da motar ja da rajista da mai da gyara, da wurin ajiya, wanda mai zaman bene a Bronx ba shi da shi. Tun 1 ga Janairun 2025 kuma duk mai tuƙa jirgi mai inji a New York sai da takardar shaidar koyon kiyaye haɗari. Ka yi duk wannan saboda mako shida. Mu huɗu muka taɓa yin karo-karo muka sayi wani tsoho. Injin ya mutu mana a tsakiyar ruwa ƙasa da Kingston, ga iska daga kudu tana karo da ruwa mai janyewa, igiyoyi suka miƙe tsaye gajeru-gajeru suna dukan gefen jirgi. Wani bawan Allah ne ya jawo mu. Shekarar ba ta ƙare ba muka sayar, zumuncin ma da ƙyar ya tsira.

Haɗarin ba wasa ba ne, kuma a nan gaɓa ta yi wa jirgi nisa. Hudson hanyar manyan jirage ce da ke hawa har tashar Albany. Ba sa iya kaucewa, ba sa iya tsayawa, kuma igiyar da suke bari tana iya kife ƙaramin jirgi da ya jefa anga a gefen hanyarsu. Hazo kan rufe kogi da safe. Ruwan narkewar ƙanƙara na kawo gungume da ke tafiya a ɓoye. Wanda ya faɗa ruwan Afrilu, ko ɗan Sarkawa ne, sanyi zai ƙwace masa hannu da ƙafa cikin mintuna. Doka ta tilasta sa rigar ceto daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Mayu a duk jirgin da bai kai ƙafa 21 ba, ni kuwa ko a Mayu ba na cirewa. Masu ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya suna kama kifi sosai a lungunan da ba zurfi, amma wannan sai wanda ya riga ya san ruwan kuma yake da kayan da ke hana jiƙa. A gaɓa abin tsoronka santsin dutse ne, da ruwan da ke iya zagaye ka ta baya in ka yi nisa kan fadama ka manta cika na zuwa.

Wani ƙaramin abu da ba a rubutawa a mujallun masunta: salla. A gaɓa ka shimfiɗa darduma a ciyawa ka yi asubarka a natse, sanda na kafe a gefe. A jirgin haya da ke tashi kafin gari ya waye, sai ka shirya da alwalarka ka yi a tasha kafin a kunce igiya, ko ka yi yadda ta samu ana tangaɗi.

Saura maganar ci, wadda ya kamata duk mai iyali ya ji da kyau. Daga 1947 zuwa 1977 masana'antu biyu na General Electric a Hudson Falls da Fort Edward sun zuba wani sinadari mai guba da ake kira PCB a kogin, kusan tan 600 bisa ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka. Saboda shi aka rufe kamun mai-ratsi na sayarwa a 1976. An yi aikin kwashe taɓon daga 2009 zuwa 2015, amma sinadarin na nan cikin kitsen kifi. Shawarar da ma'aikatar lafiya ta jihar ta yi shekaru tana bayarwa ita ce mata 'yan ƙasa da shekara 50 da yara 'yan ƙasa da 15 kada su ci. Sauran mutane, in an kama shi kudu da gadar Catskill, sau ɗaya a wata. Tsakanin Catskill da Troy kuwa kada kowa ya ci mai-ratsi. Wanda zai ci ya feɗe fatar, ya yanke kitsen ciki da baƙin naman gefe, ya gasa yadda mai zai ɗige. Wannan ya ci karo da girkinmu kai tsaye, domin mu kai da fata da romo su ne daɗin kifi. Farfesun kan mai-ratsin Hudson dai a haƙura da shi. In don miyar gida ne, kasuwar kifi ta fi maka araha da kwanciyar rai fiye da gaɓa da jirgi duka.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne ya fara da gaɓa. Shekarar farko ya saya sanda ɗaya mai kyau, ya zaɓi wuri ɗaya, ya yi ta komawa har ya san inda dalma ke maƙalewa da sa'ar da kifi ke wucewa. Ya gaishe da dattawan da ya tarar a wurin, ya ba su tazara, kada ya jefa zare a kan nasu. In suka ga ya dawo sau uku cikin sanyi, da kansu za su fara nuna masa abubuwa. Wanda lokacinsa ya fi kuɗinsa ƙaranci, mai fita ɗaya ko biyu a shekara, ko mai baƙo daga gida da yake son ya nuna wa abin mamaki, shi jirgin haya ya fi masa, a mako na biyu na Mayu, tsakanin Newburgh da Catskill, kuma ya shiga da sanin cewa hoto zai kawo gida. Mai ƙananan yara ya tsaya a gaɓa, inda yaro zai iya gudu ya gaji ya ci biskit, ƙananan kifayen da ke satar tsutsa ma su ishe shi murna. Sayen jirgi kuwa a bari sai mutum ya yi shekara uku yana fita, ya koma unguwar da ke da fili a bayan gida, kuma ya shiga jirgin wasu sau da yawa har ya san hanyar manyan jirage da idonsa.

Ya ce to, su huɗun fa da suka riga suka fara tara kuɗi? Na ce su raba biyu: rabi kowa ya sayi sandarsa, rabi su kama ranar Talata ko Laraba a jirgin haya, don ranakun aiki sun fi samuwa kuma kogin ba cunkoso. Na duba masa jadawalin Croton na Asabar ta biyu a Afrilu, na ce ya sayi tsutsa tun ranar Juma'a bayan masallaci, ya sa a firiji cikin kwalinta, ya kuma gaya wa matarsa abin da ke ciki kafin ta buɗe.